Ni Ce Nake Amsa Saƙon Auta

'Yan uwa, wadda ta buɗe labarin nan yau don ta ji zancen furanni da kalamai masu sanyi ta yi haƙuri da ni, yau babu su. Akwai abin da na ɓoye muku tun farko, saboda na san ranar da na faɗe shi za ku daina kallona a matsayin wadda aka cuta kawai. Yau zan faɗa, mai zagi ya zaga.

Ga waɗanda suka shigo yanzu, bari in gabatar da gidanmu. Mamana jarumar fim ce, irin wadda ba ta iya shiga kanti ta fito ba a tare ta da waya ana neman hoto ba. Babanmu ya rasu ƙanwata tana goye. Mu biyu ne 'ya'yanta, ni mai shekara ashirin da uku, sai Auta mai sha ɗaya. Ƙanin Mama, wato Kawu, shi ne manajanta, shi ke magana da kamfanoni, shi ke yanke wane hoto zai fita wane ba zai fita ba. A gidanmu ko atishawa za ka yi, gara ka fara duba ko hasken ɗakin ya yi daidai.

Ina shekara goma Mama ta buɗe mini shafi a intanet. Ribbon a kai, jan baki kaɗan, takalmi mai ɗan tsini, a ce in riƙe ƙugu in karkatar da kai. Mabiya suka yi ta ɓulɓulowa. Da na kai sha shida fuskata ta cika da ƙuraje, jikina ya buɗe, masu talla suka ja baya, Kawu ya ce “lokacinki ya wuce” yana sosa kunne da makullin mota. Shafin ya yi shekaru a kwance. Da Auta ta kai tara sai Mama ta ce ai asara ce a fara tara mabiya daga tushe alhali ga nawa nan jibge. Aka goge sunana aka sa nata, aka sauke hotunana aka ɗora nata. Kamar yadda ake rage wa ƙanwa rigar yayarta, haka aka gadar mata da mutanen da suka yi shekaru suna kallona.

Kuma ni aka damƙa wa aikin kula da shafin. Nan ne wurin da nake jin kunya.

Kullum da safe kafin Auta ta gama shirin makaranta sai in zauna a bakin gado da wayar shafin in yi abin da muke kira shara. In goge maganganun da manyan maza suka bari ƙarƙashin hotonta, waɗanda ba zan maimaita muku ko ɗaya ba, in toshe masu su. Bayan shara sai gyaran hoto. Ni nake ɗan tsuke mata hanci, in haska fatarta, in shafe tabon da ke goshinta, in rage kumatun nan nata da nake son ja. Na ƙware har ba a gane an taɓa. Daga nan sai akwatin saƙo. Dokar Kawu ce: duk tsohon mabiyi mai ladabi a amsa masa, kuma a amsa da bakin yarinyar, domin mutane suna son su ji kamar da ita suke magana. Sai in rubuta “Na gode Ankul” in sa alamar zuciya. “Amin Ankul.” “Sai ka zo Ankul.” Ina yi ina shan shayi, ko tunani ba na yi.

Wata rana na shiga banɗaki na tarar da Auta a gaban madubi da maƙalin shanya a hancinta, idonta ya kawo ruwa saboda zafi.

“Ke! Mene ne haka?”

Ta cire shi da sauri ta ɓoye a bayanta. Hancin ya yi ja, da shatin katako biyu.

“Yaya, a makaranta cewa suke yi ba ni ba ce a hoton. Wai ta hoton ta fi ni kyau.”

“Ƙarya suke yi. Ke ce mana.”

“To me ya sa hancinta ba irin nawa ba ne?”

Sai na yi mata tsawa ta je ta ci abinci. Ta zauna ta tsakuri shinkafa cokali uku ta ture farantin, ta ce Mama ta ce kumatu ba sa kyau a kyamara. Na ji abin har cikin raina, wallahi na ji. Amma washegari na sake tsuke hancin, domin hoton tallan jakar makaranta ne kuma Kawu yana jira.

To, sai ga Mai Turare. Haka kowa ke kiransa a gidan saboda kamfanin turare gare shi, kuma wata huɗu ke nan yana neman aurena. Shekararsa arba'in da ɗaya, bai taɓa aure ba, dogo ne mai sanyin murya, ba ya ɗaga ido ya kalli Mama in yana gaishe ta. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi. Yarinyar da aka ce lokacinta ya wuce tun tana sha shida, in wani ya turo mata saƙo da safe cewa “Allah ya sa murmushinki ya riga rana fitowa”, ai dole zuciyarta ta yi laushi. Abu ɗaya ne yakan ɗan tsaya mini. Bai taɓa neman hotona na yanzu ba. In na yi kwalliya na fito sai ya ce, “Da kin bar fuskar haka, kin fi kama da da.” Ni kuwa sai in ɗauka yabo ne.

Mama ta riga ta gama yanke hukunci. “Mutum kamili, mai abin hannunsa, ga shi zai sa Auta a tallan sabon turarensa na yara. Me kuma kike jira, wahayi?” Kawu kuma kullum sai ya tuna mini cewa masu layi a ƙofarmu ba don ni suke yi ba.

Ranar Lahadi da yamma ya zo. Mama ta sa an canza labulen falo zuwa masu ruwan zuma, an jera kofunan gilas ɗin da ba a taɓa su sai da babban baƙo. Na sa doguwar riga shuɗiya mai ƙananan duwatsu a wuya, da ɗan siririn agogon da ya ba ni. Ya shigo da wani akwati naɗe da ƙyalle mai sheƙi ya ajiye a kan cinyata.

“Buɗe. Shekara sha biyu ina haɗa shi.”

Albam ne mai bangon fata. Na buɗe shafin farko sai ga ni ina shekara sha ɗaya, da ribbon ja, na riƙe ƙugu. Na biyu ni ce a bakin wurin wanka na wani otal da aka kai mu talla. Na uku, na huɗu, na hamsin, duk ni ce, an wanke su a takarda mai kyau, kowanne da kwanan wata a ƙasa da rubutun hannunsa. Hotunan da aka sauke daga shafin tun tuni, waɗanda ko mu ba mu da su.

Mama ta dafe ƙirji. “Allah sarki! Kin ga so na gaskiya ko? Tun ba ki san kanki ba.”

Kawu ya yi dariya ya ce wannan ai ya fi kowa cancanta, shi ne mabiyi na farko.

Ni kuwa ina murmushi ina lissafi a zuci. Ina sha ɗaya yana da ashirin da tara. Na duba ƙarshen albam ɗin, hoton ƙarshe ina sha biyar ne. Daga nan babu ni kuma, sai fararen shafuka.

Sai na ga wani hoto a tsakiya. Ni ce zaune a kan gadona da rigar barci mai zanen kifi, hannuna naɗe da bandeji, ranar da na faɗo daga keke ina sha ɗaya. Na tuna hoton sarai, domin Mama ta hana a ɗora shi, ta ce na yi muni, idona ya kumbura da kuka.

“Wannan fa, a ina ka samo shi?”

Ya yi murmushi, ya sassauta murya yadda ni kaɗai zan ji. “Ke kika turo mini mana. Kin manta?”

Ban riƙe waya tawa ba sai da na kai sha huɗu.

Daidai nan Auta ta shigo gaishe shi. Mama ta sa an yi mata kwalliyar gwaji saboda tallan, da gashin ido na kanti da jan baki, tana tafiya a hankali kan takalmin da ya fi ƙarfinta. Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, “Ikon Allah. Kamar an dawo mini da ke.” Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Ga laifina na biyu. Da na tashi daga falon nan na je na buɗe akwatin saƙo, da labarin ya canza. Amma tsoro ya hana ni. Ranar Litinin na yi shara, na gyara hoto, na ƙi taɓa saƙonni. Na yi ta ce wa kaina wataƙila Mama ce ta ba shi, wataƙila wasa yake yi, ke dai kin cika zargi. Ya turo mini saƙon safe na amsa da alamar murmushi. Amma zuciyata ta san ruwa ba ya tsami banza.

Ranar Talata da rana, bayan ƙarfe ɗaya, na kulle ƙofar ɗakina na ɗauki wayar shafin. Ban san sunan da zan nema ba, sai na fara bin tsofaffin mabiyan da nake amsa wa ɗaya bayan ɗaya. Na huɗu shi ne wani mai suna Mai Fatan Alheri, ba fuska a hotonsa sai farin fure. Na san shi sosai, yana cikin masu ladabi. Bai taɓa rubuta kalmar banza ba, shi ya sa ban taɓa toshe shi ba. Na fara jan hirar sama.

“Auta ya makaranta?”

“Lafiya lau Ankul.”

“Wane launi kika fi so?”

“Ruwan hoda Ankul.”

“Wane askirim?”

“Mai cakulan.”

“Ƙarfe nawa ake tashinku, kar a bar mini ke a rana.”

“Ƙarfe biyu Ankul.”

“Wata rana zan zo in ɗauke ki mu sha askirim ɗin.”

“To Ankul, sai ka zo.”

Duk ni na rubuta. Da yatsana, ina shan shayi. Ban ma tuna ranar da na rubuta su ba, domin irinsu nake rubutawa ashirin kafin in wanke fuska.

Na ci gaba da ja, shekara biyu na amsoshina suka wuce, sai hirar ta yi tsalle zuwa shekarun baya, lokacin da shafin yake nawa. Tambayoyin ba su canza ba, har jerinsu ɗaya ne. Launi, askirim, ƙarfe nawa. Amsoshin kuma da sunana, da irin rubutun Kawu da ba ya sa aya. Can sama na ga ya rubuta, “Na ji kin faɗi, turo mini in ga hannun.” A ƙasansa ga hoton, rigar barci mai zanen kifi da bandeji. Biri ya yi kama da mutum.

Ban san lokacin da na fito falo ba. Kawu yana kwance kan doguwar kujera yana waya, Mama tana gaban madubin tsaye mai kwalliya tana zana mata gira. Na miƙa wa Kawu wayar.

“Kawu, wa ya tura wannan hoton?”

Ya kalla ya taɓe baki. “Ni mana. To sai me? Yaro ya ji ciwo, masoyi ya tambaya.”

“A kan gadona nake, Kawu. Shekarata sha ɗaya. Ka san ko wane ne?”

“Daga baya na sani. Shi ya sayi rabin tallan da kika yi, in ba ki sani ba. Kuma ga shi ya zo ta ƙofa zai aure ki, ina laifin?”

“Mama, kin ji? Mama, yanzu da Auta yake magana! Shekara biyu yana tambayar ta abin da ya tambaye ni!”

Mama ba ta juyo ba, saboda kar girar ta karkace. Ta cikin madubi ta kalle ni.

“Da Auta ko da ke? Ke ba ke kike amsawa ba?”

“Shi bai san ni ce ba!”

“To ki rage murya, akwai baƙuwa. Mutumin da bai taɓa faɗin kalmar banza ba za ki ɗora wa sharri? Duk mai son yaro mugu ne? Ni na san abin da ke damunki, tun ranar Lahadi na ga fuskarki da ya yaba ƙanwarki. Kishi da 'yar shekara sha ɗaya, ki ji kunya.”

Maganar ta soke ni, amma ba ni da lokacin jin zafinta. Mai kwalliyar ta sunkuyar da kai tana goge burushi a bayan hannunta, na ga yatsunta sun tsaya. Ita kaɗai a ɗakin ta gane abin da nake faɗa, kuma ba ta da bakin magana.

“Mama, don Allah, ko ba ki yarda da ni ba, a fasa tallan nan. Kar a bar shi ya matso kusa da ita. Ni zan je in ɗauko ta yanzu.”

“Ki ɗauko wa? Direba ya kai mota gareji tun safe. Mai Turare ya ce kar in damu, hanyarsa ce, zai ɗauko ta ya wuce da ita situdiyo a gwada mata kaya, mu same su can da la'asar. Ni da kaina na kira makarantar na ba da sunansa.”

Na dubi agogon bango. Biyu da minti goma.

Ban tsaya neman takalmi ba, silifas ɗin banɗaki na zura na fita da gudu, ɗankwalina a hannu. Ina jin Mama tana kiran sunana tana cewa kar in kuskura in kunyata ta. A bakin titi motoci suna wucewa, ina ɗaga hannu babu mai tsayawa. Na kira makarantar. Maigadi ya ɗauka, ya ce eh, an zo an ɗauke ta, wani mutumin kirki mai farar mota, har ya ba su turare. Na kira situdiyon. Matar da ta ɗauka ta duba littafinta ta ce ba su da wani gwajin kaya yau, tallan turaren sai ranar Asabar.

Na jingina da sandar fitilar titi. Na nemo lambar Mai Turare, wadda na adana da alamar zuciya a gefe, na danna. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. Ina addu'a ina kuskure kalmomin.

Ya ɗauka. Muryarsa a sanyaye kamar kullum, ina jin kiɗa ƙasa-ƙasa da ƙarar na'urar sanyaya mota.

“Ranki ya daɗe. Yanzu muke zancenki.”

“Kuna ina? Ba ni Auta.”

“Tana jin ki, a lasifika kike.”

“Yaya!” Muryarta cike da murna, bakinta kamar da abu a ciki. “Yaya, mai cakulan ya saya mini, babba! Kuma ya ce in ci duka, shi ya fi son kumatuna.”

Na yi ƙoƙari muryata ta fita daidai don kar ya gane.

“Auta, saurare ni. Duba waje ki faɗa mini abin da kike gani. In motar ta tsaya a danja, ki buɗe ƙofa ki fito, ki shiga kowane shago ki jira ni. Kin ji? Mama ce ta ce.”

“Ƙofar ba ta buɗuwa ta ciki, ya ce saboda yara ne.” Ta yi 'yar dariya. “Yaya, me ya sa muryarki take rawa? Ai ba baƙo ba ne. Ya san launin da nake so, ya san komai nawa. Ya nuna mini a wayarsa, wai ni na ce masa ya zo.”

Sai ta rage murya, irin yadda take yi in tana tsoron za a yi mata faɗa.

“Amma Yaya, ni ban tuna na rubuta ba. Wa ya rubuta?”

Kafin in buɗe baki wayar ta katse.